Jama'ar da Za Ka Tarar a Bitar Masu Sito

A zamanin dalar gyaɗa, lokacin da ake jera dubban buhuna a Kano ana jiran jirgin ƙasa ya kwashe su zuwa Legas, ba a jin an ce mai sito ya tafi kwas. Mukulli ake miƙa wa mutum, da littafi, a yi masa addu'ar Allah ya tsare. Yau aikin ya zama fanni mai manhaja da jarrabawa. Ga Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, da aka kafa tun 1971, ga cibiyar ƙwararru kan saye da samar da kaya wadda doka ta tabbatar a 2007, ga kuma kamfanonin horaswa masu zaman kansu da ke kama ɗakin taro a otal, su tara masu sito daga Bompai da Sharaɗa da Chalawa, da na Kwari da Singa da Dawanau. Ko kwana uku za a yi ko mako guda, karatun ɗaya ne ake juya shi ta fuskoki daban-daban: abin da ke rubuce a kati ya zama shi ne jibge a ƙasa. Za a yi ta lissafo abubuwan da ke raba kati da kaya, a ce ɓera, a ce gara, a ce danshi. Babban dalilin kuwa yana zaune cikin ɗakin, ya rataya katin suna a wuya, yana jiran a kawo shayi.

Girma ya sa dole a fara da Baba Tsohon Sito. Ya haura shekara talatin yana riƙe da mukulli, kuma bai zo bitar nan don yana so ba, manaja ne ya sa sunansa. Can baya yake zama kusa da ƙofa, ya turo hula gaba, yana jan carbi. Malami zai ɗaga wata 'yar na'ura ya ce da ita ake auna danshin hatsi, kuma masara ba ta kwanciya lafiya a sito sai danshinta ya sauko wajen kashi 13 cikin 100. Sai ka ji murya daga baya: "Ɗana, miƙo mini ƙwaya ɗaya in tauna." Abin haushin shi ne in ya tauna, amsarsa ba ta nisa da ta na'urar. Tun kafin a haifi malamin Baba ya san ba a ɗora buhu a kan daɓe sai an shimfiɗa katako, ya san a bar rata tsakanin tari da bango yadda mutum zai iya zagayawa, kuma daga bakin ƙofa yake jin warin waken da ƙwari suka shiga. Duk abin da aka haska a allo, shi dai kalma ɗaya ce: "Mun san wannan."

Inda Baba ke da ciwo shi ne rubutu. Ka tambaye shi katin kaya, sai ya nuna goshinsa ya ce sito yana nan. Gaskiya ne yana nan ɗin, matsalar ita ce goshin yana tafiya da shi duk inda ya je. Shekarar da ya sauke farali sai da aka kira shi yana Mina ana tambayarsa inda ya ajiye kwalayen man girki. Sannan akwai ƙa'idar da 'yan bita ke kira Fifo, wato kayan da suka riga shiga su za su riga fita. Baba ya yarda da ita a baki. Amma in tirela ta iso da la'asar sakaliya, 'yan dako sun gaji, sai ya ce a sauke a nan bakin ƙofa, gobe a gyara. Goben ba ta taɓa zuwa ba. Sabon kaya yana fita, tsoho yana ƙara lumewa ciki, har a ƙuryar sitonsa akwai fulawar da ta ga gwamnoni uku.

A sahun gaba, daidai inda Baba zai riƙa hango ƙeyarsa yana tsaki, Ɗan Kwamfuta ne. Bara ya gama hidimar ƙasa. Ya zo da kwamfutarsa, da caja, da wata cajar ta biyun. Shi ne zai gaya wa aji, ba tare da an tambaye shi ba, cewa zanen layukan nan da ke jikin kaya an fara karanta shi da na'ura a wani kanti a garin Troy na jihar Ohio a Amurka, a watan Yunin 1974, a jikin fakitin cingam. Imaninsa da allon kwamfuta ba ya girgiza. In allo ya ce kwali 412 ne, aka ƙirga aka sami 380, sai ya ce a sake ƙirgawa. Aka sake aka sami 380, sai ya dubi tarin kayan da tuhuma, don a wurinsa ƙasa ce ta yi kuskure. Bai taɓa kawowa a ransa cewa kwamfuta abin da aka gaya mata kaɗai ta sani ba: mota ta ɗauki kaya da daddare ba wuta, takardar fitar kaya ta tafi Gusau a aljihun direba, shi kuwa yana gida yana barci. Ni dai a ganina, kamfanin da ya iya zaunar da shi da Baba a tebur ɗaya ba tare da an kai ga raba faɗa ba ya ci ribar kuɗin bitar tun ranar farko. Ɗaya ya san kaya bai rubuta ba, ɗaya ya rubuta bai san kayan ba.

Mutum biyu ba sa buƙatar dogon bayani. Ɗan Satifiket tambayarsa ɗaya ce, kuma tun kafin a yi addu'ar buɗe taro yake yin ta: "Yallaɓai, takardar shaidar da tambari za ta zo?" Yana da ta kiwon kifi, da ta sasanta rikici, da ta gyaran sola, bai taɓa ɗaga buhu ba. Maƙwabcinsa Ɗan Alawus daga wata ma'aikata aka turo shi, ya san wurin sa hannu da lokacin biyan kuɗin mota, tsakanin waɗannan biyun kuwa yana waje yana waya. Amma kada a raina shi, don in aka kawo abincin rana za ka ga ƙidayar da babu odita mai irinta. Kallo ɗaya zai yi wa tebur ya gaya maka fakiti nawa aka shigo da su, mutum nawa ne a ɗakin, saura nawa za su rage, da kuma inda rarar ta nufa.

Wadda kowa ke shakka, har malamin, ita ce Hajiya Mai Magani. Sitonta na asibiti ne, inda kuskure ba ya tsayawa a kan kuɗi. Ita ba ranar shigowar kaya take dubawa ba, ranar mutuwarsu take dubawa: maganin da wa'adinsa ya fi kusa shi ke fita, ko da jiya aka kawo shi. Ta san yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 suke so, tana rubuta zafin firji safe da yamma, ta kuma taɓa tashin mai janareta ƙarfe biyun dare ba ta ba shi haƙuri ba. Littafinta da jan biro da baƙi da rula. Matsalarta ita ce aikin ya bi ta har jini. Ranar farko da aka kawo biskit da lemo, kowa ya miƙa hannu, ita sai ta juya fakitin ta ɗaga tabarau.

"Malam, wa ya sayo wannan?"

"Hajiya, lafiya?"

"Saura kwana tara."

Daga ranar ba wanda ya sake cin biskit cikin kwanciyar hankali, in ban da Ɗan Alawus, wanda ya ɗauki rabon duk waɗanda suka tsorata.

Kishiyarta a fagen tsaron lafiya shi ne Mai Fiya-fiya, dillalin wake daga Dawanau. Kowace matsala aka kawo, maganinta ɗaya a wurinsa: a zuba fiya-fiya. Malami zai yi bayanin cewa saboda ragowar irin wannan guba ne Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, sai ya ce ai shi ba Turawa yake sayar wa ba, kamar cikin Bahaushe da ƙarfe aka yi shi. Aka nuna masa buhun PICS mai riɓi uku, wanda masana na Jami'ar Purdue suka ɓullo da shi tare da abokan aikinsu a arewacin Kamaru da Nijar: leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure tam, iska ta ƙare wa ƙwari su mutu ba a zuba komai ba. Abin ya burge shi, ya saya. Bayan wata guda ya ɗauko ƙarfen nan mai bututu da ake soka wa buhu a ga samfuri, ya caka wa kowane ɗaya don ya tabbatar waken yana lafiya. Yanzu yana yawo yana cewa buhun ba ya aiki.

Akwai wani kuma da ba ka lura da shi sai an zo darasin asara. Duk tsawon safiya yana gyangyaɗi. Da malami ya ce kowane sito yana da ɗan abin da ke salwanta ta hanyar zubewa da fashewa da bushewa, sai ka ga ya miƙe zaune, idonsa ya washe.

"Ranka ya daɗe, to kamar kashi nawa ne aka yarda ya ɓace ba a yi magana ba?"

Malam Kashi-Nawa ke nan. Ba a taɓa kama shi da komai ba, shi ya sa nake taka-tsantsan da bakina. Amma tambayoyinsa duk hanya ɗaya suke bi. Odita yakan sanar kafin ya zo? In ana ƙidaya, ana sauke tari ne ko daga waje ake lissafa tsawo da faɗi? Hatsin da aka share daga ƙasa, na wa ne? Malami mai wayo yakan amsa masa da fara'a, don tambayoyin su ne manhajar gaba ɗaya. Saboda irinsa aka ce wanda ke riƙe da mukulli kada ya zama shi ke riƙe da littafi. Saboda shi ake ƙidayar bazata, yau wannan layi, jibi wancan, maimakon a jira ƙarshen shekara. Saboda shi ake ba mai ƙirga farar takarda ba tare da an gaya masa adadin da ake tsammani ba, kuma ake ɗora buhu a sikeli, tunda buhu ɗari da aka zare wa tiya ɗaiɗai har yanzu buhu ɗari ne a ido. Sai a ba da labarin Anthony De Angelis, ɗan kasuwar man girki a jihar New Jersey, wanda asirinsa ya tonu a 1963. Manyan tankunansa ruwa ne cike, mai kaɗan yana yawo a sama. Masu bincike su zura ma'auni su ga mai, a ba shi takardar shaidar ajiya, ya kai banki ya ci bashi, har asarar ta haura dala miliyan 100. Aji ya yi ta salati. Malam Kashi-Nawa kuwa, wanda bai rubuta ko harafi ba tun da aka fara, sai ga shi ya ari biro.

Sai Mai Kar-a-Jefar, ma'ajin wata hukuma. Sitonsa gidan tarihi ne da ba a buɗe wa baƙi. Akwai kalandar 2009 dami-dami, da ribin na keken rubutu, da tayoyin motar da aka yi gwanjonta tun tuni. Ba rowa ce ke damunsa ba, tsoro ne. A aikin gwamnati ba ka da ikon zubar da ko tsintsiya sai kwamiti ya zauna ya duba ya sa hannu, kwamitin kuwa ba a kafa shi ba tun da aka yi wa shugabansa canjin wurin aiki. Shi dai ya gano cewa ba a taɓa korar mutum don ya ajiye abu ba. Malami zai yi ta fama ya nuna masa cewa kaya a sito kuɗi ne a kwance, suna cin haya, suna cin gadi, suna tsufa. Zai kawo masa rabon kaya gida uku, A da B da C, wanda aka gina kan abin da masanin tattalin arzikin Italiya Vilfredo Pareto ya lura da shi, cewa mafi yawan dukiya tana hannun mutane ƙalilan. Haka ma a sito, 'yan kaya kaɗan ne ke ɗauke da mafi yawan kuɗin, su ya kamata a sa wa ido kullum. Mutumin zai gyaɗa kai, ya koma ya ci gaba da ƙirga fil da maƙalar takarda ɗaya bayan ɗaya, injin miliyoyin naira yana tsatsa a bayansa. Wuri ɗaya ne dariya ke ɗaukewa a darasinsa, in aka ambaci tashar jiragen ruwa ta Beirut, inda tan 2,750 na sinadarin takin zamani ya yi wajen shekara shida a sito ana ta rubuce-rubucen wasiƙu a kansa, har ya fashe ranar 4 ga Agustan 2020 ya kashe sama da mutum 200.

Wanda ya ji wannan ya zarce gona da iri shi ne Ɗan Japan. Tunda aka ba shi labarin yadda Taiichi Ohno ya tsara wa kamfanin Toyota kada a tara kaya, kowane sashe ya iso daidai lokacin da ake buƙatarsa, sai ya ƙudura zai koma ya mayar da sitonsu fili. Ya manta masu kawo wa Toyota kaya da yawansu maƙwabtanta ne, shi kuwa nasa kayan daga Apapa suke tasowa, tafiyar wajen kilomita 1,000, da shingaye, da faci, da direban da ke da mata a Mokwa. Lissafin da ake koya masa ba shi da wuya. In kana fitar da kwali 50 a rana, mota kuma tana cin kwana 12 daga oda zuwa isowa, to da kaya sun sauko 600 ka riga ka makara in ba ka yi waya ba, kuma mai hankali yakan ɗora wani abu a kai saboda ranar da gada za ta karye. Ita kanta Toyota, bayan girgizar ƙasar 2011, ta sa masu kawo mata wasu muhimman sassa su riƙa ajiye na watanni. Ɗan Japan bai ji wannan ɓangaren ba, ya fita alwala.

Kada malamin ya ɗauka ya tsira. Wani malamin gwani ne, ya yi aikin, ƙurar sito ta taɓa shiga idonsa. Wani kuwa hotunansa duk na wani katafaren sito ne a Jamus, motocin ɗaga kaya suna kai da kawo, ƙasa tana ƙyalli. Zai yi awa guda kan faɗin hanyar da motar ɗaga kaya ke buƙata, a gaban mutanen da motarsu ta ɗaga kaya sunanta Ɗan'iya kuma tana cin tuwo. Zai cika allo da lissafin da Ford Harris ya fitar a 1913 na gano adadin da ya fi dacewa a saya a kowace oda, lissafi mai kyau, sai dai ya ginu ne kan cewa farashi yana zaune wuri ɗaya. Wani ɗan Singa ya taɓa ɗaga hannu ya tambaya, cikin ladabi, a ina ake sa canjin dala a cikin lissafin. Aka ce a tafi hutun shayi.

Ranar ƙarshe ne za ka ga wata sabuwar fuska, da mukullin mota a yatsa da waya biyu. Ƙanin matar Alhaji mai kamfani ne, kuma shi ne shugaban sito. Annabi Yusuf, alaihis salam, da ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, abu biyu ya gabatar, iya tsarewa da kuma sani. Alhaji ya duba na uku, wato dangantaka. Yaron ba mugu ba ne, bai dai san bambancin takardar karɓar kaya da ta fitarwa ba, kuma ya zo ne a ɗauki hoto da shi.

Shi Alhajin, wanda ya biya wa mutum huɗu kuɗin bitar nan yana ƙorafin kayansa suna ɓacewa, ba ya cikin ɗakin, kuma ba a taɓa ganin irinsa a ciki ba. Amma duk darasin da aka yi sai inuwarsa ta gitta. Malami ya ce kada ƙwaya ɗaya ta fita sai da takarda mai sa hannu, sai ka ga 'yan aji suna satar kallon juna. Kowa ya san wayar nan ta bayan Magariba: "Ba wa direban Hajiya shinkafa biyar, ka ƙara wa limamin unguwa biyu, ma rubuta daga baya." In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ƙarshen shekara odita ya zo ya sami giɓin buhu saba'in, Alhaji ya tara ma'aikata ya yi wa'azi kan amana har ya yi ƙwalla, sannan a kori maigadi.

Wani matashi da ya ɗauki karatun da gaske ya koma aiki ranar Litinin da sabon littafin fitar da kaya mai kwafi uku. Da hantsi Alhaji ya shigo da baƙo, ya nuna kwalaye goma ya ce a sa a but. Yaron ya rusuna, ya miƙa littafi da biro.

"Ranka ya daɗe, a ɗan sa mini hannu a nan."

Alhaji ya dubi littafin, ya dubi yaron, ya juya ya dubi baƙonsa.

"Ni da kayana?"

"Haka aka koya mana, Alhaji."

"Wa ya biya kuɗin koyarwar?"

"Kai ne, ranka ya daɗe."

"To ɗauki kwali."